Ɗaki na Huɗu, Inda Ungozoma Ke Magana

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, ku da aka turo asibitin ƙauyenmu koyon aiki. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ko da kun ji ta fito da irin muryar. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake, Malama Rabi shugabar asibitin nan tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki. Sunana Hanne, amma daga nan har Karaye, daga nan har Rogo, Iya ungozoma ake ce mini. Jiya ina zaune a benci na ji ɗayanku yana cewa kwaso bayanai daga rumbun intanet ai danna wuri ɗaya ne, ko akuya ta taka sai su fito. To. Maganar nan ba ta yi mini daɗi ba, shi ya sa na tara ku.

Haihuwar farko da na tsaya a kanta, a wani ƙauye ne bayan Rogo, da hantsi, lokacin cirar gyaɗa. Wadda ta koya mini aikin Yaya Tabawa ce, 'yar kawuna, ta ba ni kamar shekara goma. Kayan aikinmu a lokacin ba su cika ƙwarya ba: sabuwar reza, zare, sabulun salo, wankakken tsumma, sai tukunyar ruwan zafi da masu gida za su ɗora. Aka sauka lafiya, aka yanke cibi, aka binne mabiyiya a bayan ɗaki. Ni a ganina an gama. Muna hanyar komawa, tsakiyar gonaki, Yaya ta tsaya ta tambaye ni 'yar wane ne muka karɓi haihuwarta. Na faɗa. Ta ce uwarta fa, yaya take haihuwa? Ban sani ba. Ta ce wannan haihuwarta ta nawa ce? Na ce ta biyu, ai da bakinta ta faɗa. Yaya ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce ta uku ce, kuma in kunne kawai na zo da shi gara in koma gida in ci gaba da daka.

Ku da kuka tashi a birni sai an yi muku bayani. Mace a wajenmu ba ta lissafa ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, da an yaye shi kakarsa ta tafi da abinta. Ka tambaye ta haihuwa nawa, sai ta tsallake shi. Ba ƙarya take ba, kunya ce. Ga shi kuma haihuwar fari ita ke nuna irin jikin da mace take da shi, ko mai zubar jini ce, ko mai doguwar naƙuda, ko mai jijjiga. Abin da muka fi bukatar sani ke nan, kuma shi ne ba za ta faɗa ba ko za ka wuni kana tambaya. Shekara bakwai ina bin Yaya, rabin karatun duk na riƙe wannan ne a ka: wance 'yar wance, ɗan farinta yana gidan wane, ga yadda ya zo duniya.

Ana nan, ana nan, aka gina asibitin nan, aka kira mu ungozomai aka ba mu safar hannu da almakashi, aka ce mu riƙa rako mata awo. Aka kawo manyan littattafan rajista. Gara ta ci biyu, rufin kwano ya yi yoyo a kan ɗaya. Sai wata ƙungiya ta zo da tabulet da sola, da wani Injiniya Sadisu daga Kano, dogo, mai yawan cin gyaɗa a aljihu. Ya ce daga yau ba gara ba ruwa, bayanan matanmu a gajimare za su zauna. Na ce wane gajimaren. Ya yi dariya. Na sake tambaya, ya yi mini Turanci. A ta uku ya gaji ya ce kwamfuta ce a wani ƙaton gida a wata ƙasa, ƙungiyar ce take biyan haya. Na ce to ka ce ɗakin haya mana tun farko, ɗan nan, ka bar ni ina kallon sama.

Shi ya nuna mini yadda gidan yake, da sanda a ƙasa a gindin darbejiyar can. Ɗaki uku ya zana. Ɗaya na mata, kowace da sunanta da garinsu da lambarta. Ɗaya na haihuwa. Ɗaya na yara da allurarsu. Ya ce a ɗakin haihuwa ba a rubuta sunan mace, lambarta kawai ake sa wa, lambar ce igiyar da ta ɗaure wannan ɗaki da wancan. Wannan kam na yarda da shi nan take, domin a unguwarmu kaɗai Hauwa matar Musa uku ce. Ya ce in ka ɗebo ɗakin haihuwa ka bar na mata, lambobi ka ɗebo, ba ka san wa ta haifi wa ba.

Mako guda shi da mutanen ƙungiyar suna zagaya gidaje suna tambayar mata, ya dawo yana alfahari. Na ce a karanta mini maƙwabciyata Asabe. Aka karanta, haihuwa huɗu. Na ce biyar na karɓa da hannun nan. Aka karanta wata, aka karanta wata, duk da giɓin ɗaya. Muka yi ta yi da shi har azahar. Ya ce shi ba zai sa wa mace abin da ba ta faɗa ba, fom fom ne. Na ce ni kuma ba zan rako mace awo a kan lissafin da na san gurgu ne ba. Da ya ga ba zan tashi daga bencin ba, ya ce zai gina ɗaki na huɗu. Mace ta faɗi nata ta fita, sannan ungozoma ta yi magana a tabulet, a ajiye muryarta, a kuma rubuta abin da ta ce, a ɗaure da lambar matar. Ya sa masa suna maganar ungozoma. Yaya Tabawa lokacin ido ya yi rauni, ta daina karɓar haihuwa. Aka kai mata tabulet har gida, ta yi rani guda cur tana zuba matan ɓangaren Rogo ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Kwasar farko da na gani, lokacin da za a sauya gidan haya ne, Injiniya da kansa ya yi, ni ina gefe kwana biyu. Tun da safe ya hana kowa sa sabon suna. Matan awo suka cika baranda suna mita, ya ce a rubuta su a takarda tukuna, domin ba a auna hatsi wani yana ƙara zubawa ta baya. Ya ƙirga layin kowane ɗaki kafin ya taɓa, ya rubuta a tafin hannunsa. Ya sauko da su duka huɗun a zama ɗaya, ya zuba a wani ɗan abu kamar yatsa da suke kira filashi. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya kashe intanet, ya ɗauki filashin ya sa a wata kwamfuta daban ya buɗe, ya ce abin da bai buɗu a gidan wani ba, ba a kwaso shi ba. Sai ya ce Iya, naki ya zo. Ya riƙa tsintar mata daga nan da can, yana kiran suna, ni ina faɗin 'ya'yansu, yana dubawa. A nan muka gane sifilin gaban lambar waya duk ya zube a hanya, ba wadda za ta kiru. Ya koma ya sake daga farko. Da aka gama ya yi filashi biyu, ɗaya a kabad ɗin Malama, ɗaya a ofishin lafiya a Karaye. Ku ce mini wannan danna wuri ɗaya ne.

Sai shekarar da ba na son tunawa. Ƙungiyar ta gama wa'adinta, ta aiko takarda cewa hayar za ta ƙare Juma'ar ƙarshen wata, bayan nan mai gida zai share ɗakuna. Injiniya ya riga ya koma wani aiki. Aka turo Nura daga ofis, yaro mai hankali, mai saurin hannu, jikan wata ƙawata ne, wasan jika da kaka muke da shi, amaryarsa yake ce mini. Ni kuma ina Kano wajen 'yata da ta haihu. Na dawo ranar Talata, saura kwana uku wa'adin ya cika, tsakiyar damina, na tarar an ce ai Nura ya gama tun makon jiya, cikin rabin yini, har ya sa hannu a takardar cewa a share.

Ranar Laraba wata mace ta zo awo, Zulai sunanta, uwar mijinta ce ta rako ta. Daga ɓangaren Rogo aka auro ta garinmu, aure na biyu, ni ban san gidansu ba. Ciki wata takwas. Malama ta buɗe abin da Nura ya kwaso, ta ga haihuwa ɗaya, lafiya lau, a gida. Ta auna jininta, ta ce ya ɗan ɗaga amma ba na tashin hankali ba. Uwar miji ta ce ai dama a ɗaki za ta haihu kamar wancan karon, ga noma ya kama, wa zai bar gona ya yi zaman asibiti. Ni ina tsaye lokacin da Malama ta ce ta buɗe baki. Na hango tabo a gefen harshenta, tsohon tabo, irin na wanda haƙori ya datsa da ƙarfi. Na san inda ake samun irin wannan. Na aiki uwar mijin karɓo kati, na tambayi Zulai tsakanina da ita ko akwai wani a wajen kaka. Ta kalli ƙasa. Na ce yaya aka yi a wancan lokacin. Ta ce lafiya lau Iya. Na juya tambayar ta ko'ina, lafiya lau Iya.

Ku gane abin da ke gabana. In ta taɓa jijjiga a haihuwa, barinta ta haihu a ɗaki wasa da rai ne. In kuma na buɗe baki a gidan miji na ce 'yar mutane tana faɗuwa, alhali zato nake, na ɓata mata zama, domin su farfaɗiya za su ji. Ina bukatar wanda ya gani da ido. Wadda ta gani, in akwai, Yaya Tabawa ce, tana ƙasa, amma maganarta tana ɗaki na huɗu. Na ce Malama buɗe mini maganar ungozoma. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗauko tsohon filashin Injiniya daga kabad, ashe Nura ya goge shi da na Karaye ya zuba nasa a kai. Ɗaki uku ne.

Malama ta kira Nura ta miƙo mini wayar. Ya fara da amaryata an dawo, ina tsarabata. Na ce ina ɗaki na huɗu. Ya ce au, wannan, ai ya leƙa, ya ga hirar tsofaffi ce, wance uwarta kaza, wane yana gidan kakarsa, ga muryoyi masu nauyi da za su cinye masa data, kuma a jerin da aka ba shi daga sama ɗaki uku aka rubuta. Ya ce in kwantar da hankalina, duk abin da yake na asibiti ya kwaso.

Na ce, "Ango, abin da mata suka yarda su faɗa ka kwaso. Abin da zai kashe su ka baro."

Alhamis da sassafe na hau acaɓa zuwa Karaye, taɓo har gwiwa, sau biyu ina sauka ana tura mashin. Na sami Nura a ofis. Ya ga fuskata bai yi wasa ba. Ya buɗe kwamfuta ya sa lambar sirrinsa, ƙofa ta ƙi. Tun ranar da ya sa hannu aka karɓe makullinsa. Saura na Injiniya. Muka kira, yana taro. Muka kira, a kashe. Na zauna a kujerar ofishin nan na ce ba inda za ni, masinja ya zo share ƙasa sai da ya zagaye ni. Wajen la'asar Injiniya ya ɗauka. Da ya ji muryata ya yi gaisuwa mai tsawo, na katse shi, Allah ya yafe mini. Na gaya masa an bar na huɗu. Ya ce makullinsa yana nan har gobe, amma ba zai faɗi lambar sirri a waya ba ko ni ce, zai yanka wa Nura ƙaramin makulli na kwana ɗaya da safe. Na tambaye shi ƙarfe nawa ake rufewa goben. Ya ce da agogon ƙasarsu suke aiki, shi ma ba zai rantse ba, mu dai kada mu kai azahar.

Na kwana gidan wata 'yar uwata. Juma'a da safe ofis ba wuta ba sabis. Muka ɗauki kwamfuta muka tafi shagon wani mai cajin waya kusa da tasha, yana da janareta, kuma a nan sabis ya fi kamawa. Makulli ya zo, ƙofa ta buɗe, ga ɗaki na huɗu yana nan ba abin da ya same shi. Nura ya ce a sauko da komai har muryoyin. Wani ɗan layi ya fito yana rarrafe, ya ce in ya kai ƙarshe an gama. Ya kai rabi, hadari ya taso daga gabas, sabis ya ɗauke. Da ya dawo, abin bai ci gaba daga inda ya tsaya ba, farko ya koma. Muka sake. Mai shago yana ta zuba waƙa, na ce ya kashe, ya ce ai waƙa ba ta cin sabis Hajiya, na ce ni take ci. Layin ya wuce rabi kaɗan, janareta ya tsaya, mai ya ƙare. Kafin a sayo a zuba, mutane sun fara wucewa da dardumar masallaci.

Injiniya ya kira ya ce mu bar muryoyin, ba za su sauko da wannan sabis ɗin ba, mu ɗauki rubutun kawai. Nura ya dube ni, domin ya san muryar wa ke ciki. Na ce ɗauki rubutun. Wallahi ban gama gyara mayafina ba ya ce ya sauko. Abin da ya gudar wa nauyi tun makon jiya, ashe rabin da ake bukata bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ya miƙe zai rufe kwamfuta, na ce zauna. Na sa Injiniya ya faɗi yawan layin daga can, Nura ya ƙirga na nan, suka yi daidai. Na sa aka kashe intanet, aka ari tsohuwar kwamfutar mai shago, aka buɗe a ciki. Sannan na ce a nemo lambar Zulai a ɗakin mata, a bi igiyarta zuwa na huɗu.

Nura ya karanta a hankali, don kada mai shago ya ji. "Zulai ta gidan mai gyaran keke. Ɗan fari namiji, yana wajen kakarsa. Ta yi jijjiga kafin ya fito, ta ciji harshe, kwana biyu ba ta san inda take ba. Danginta sun ce iska ce, sun ce kada a faɗa. Ba iska ba ce. Duk wadda ta same ta bayan raina, kada ta bar ta ta haihu a ɗaki."

Ya zare filashin da aka zuba rubutun a ciki ya miƙo mini. Ya tafi masallaci, na zauna da filashin a ƙulle a bakin zanina. Da aka sauko ya ce bari ya sake gwada muryoyin, sabis ya gyaru. Ya sa makulli, ba ƙofar ma balle ɗaki. Muryar Yaya da ta wasu ungozomai biyu da suka riga mu, ta tafi da gidan hayar.

Asabar muka je gidan su Zulai ni da Malama. Ba mu ambaci ɗan fari ba, ba mu ambaci jijjiga ba. Malama ta ce wa mijin an duba an ga jininta irin wanda ake sa wa ido ne, dole ta haihu a babban asibiti, kuma ta tafi tun kafin naƙuda. Uwar miji ta ce ita tara ta haifa a kan tabarma, yanzu kwamfuta ce za ta koya mata. Na ce ba kwamfuta ba ce, ungozoma ce ta faɗa, wadda ta fi ni. Ta ce wace. Na ce ba ta kusa. Muka yi ta ja har mijin ya ce ya ji, zai nemi wanda zai kama masa noman. Kwana goma sha biyu da kwantar da ita jinin ya hau, ƙafafu suka kumbura, ta ce tana ganin wuta-wuta. Ma'aikatan asibitin suna tsaye a kanta da allura a hannu. Jijjigar ba ta samu zuwa ba. Ta haifi mace.

Yanzu ɗakunan suna cikin kwamfutar da ke ofishin Malama, da wani sabon gidan hayar da aka kama, kuma duk ƙarshen wata sai an kwaso, duka huɗun, ina zaune. Nura ne ya roƙi a bar masa aikin. Ranar da Zulai ta yi arba'in ta kawo jaririyar allura, shi ne a kan kwamfuta. Ya gaishe ta, ya yi mata barka, ya nemo lambarta. Ya san amsar sarai, shi ya karanta ta da bakinsa a shagon caji. Amma fom fom ne, ya tambaye ta haihuwa nawa ke nan.

Ta gyara goyonta, ta kalli ƙasa, ta ce, "Biyu."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Rubuta abin da ta faɗa. In ta fita ka buɗe mini nawa ɗakin."